Ƙayyade Farashin Kayan Asibiti: Labarin Ragar Jijiyar Zuciya Daga Indiya Zuwa Minna

A ranar Litinin 5 ga Fabrairu, 2024, mata da matasa suka tare hanyar Minna zuwa Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan tsadar rayuwa. Kwana biyu bayan haka, Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta umurci Gwamnatin Tarayya da ta ƙayyade farashin wasu kayayyaki cikin kwana bakwai, a ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar bisa Dokar Ƙayyade Farashi ta 1977. Kayayyakin da wannan doka ta lissafta su ne madara, fulawa, gishiri, sukari, ashana, kekuna, babura da motoci tare da kayan gyaransu, sai kuma man fetur da dangoginsa. Babu magani a cikin jerin, babu kuma kayan aikin asibiti, alhali a daidai wannan lokaci kuɗin magani na cikin abubuwan da suka fi addabar magidanta, musamman bayan kamfanin GSK ya sanar a watan Agusta 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Nijeriya, kamfanin Sanofi kuma ya bi sahunsa kafin ƙarshen shekarar.

Tun daga wancan lokaci ake ta kiraye-kirayen cewa ya kamata hukuma ta sa hannu a farashin magunguna da kayan asibiti. Tambayar da ta dace 'yan kasuwa da mahukunta su yi ita ce: a inda aka taɓa gwada wannan mataki, me ya biyo baya? Babu wata haja da ta amsa wannan tambaya dalla-dalla kamar 'yar ƙaramar ragar ƙarfen nan da likitoci ke sanyawa cikin jijiyar zuciya, wadda suke kira sitent, domin ƙasashe biyu mafiya yawan jama'a a duniya, Indiya da Sin, sun karya farashinta da ƙarfin hukuma, kowacce ta hanyarta, kuma an bi diddigin sakamakon.

Ita dai zuciya tana da jijiyoyin da ke shayar da ita jini. Idan kitse ya taru a bangon ɗaya daga cikinsu hanyar jini takan ƙuntata, idan kuma gudan jini ya toshe ta baki ɗaya, sai sashen zuciyar da take shayarwa ya fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Likita kan zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta matse-matsi har ya kai inda toshewar take, ya hura wani ɗan balan-balan ya buɗe hanyar, sannan ya bar ragar a wurin ta tokare bangon jijiyar kada ya sake haɗewa. Likita Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1977, aka fara sanya ragar a jikin ɗan Adam a Faransa da Suwizalan a 1986. Daga 2002 aka fito da wani sabon nau'i wanda aka shafa wa magani, yana tsatsowa sannu a hankali yana hana jijiyar sake tsukewa. Saboda haka raga iri biyu ce a kasuwa, marar magani mai araha, da mai magani wadda ta fi inganci ta kuma fi tsada.

Abin da ya bambanta wannan haja da buhun shinkafa a Kasuwar Kure shi ne mai biyan kuɗin ba shi ne mai zaɓe ba. Mai sayen shinkafa yana iya taya kaya, ya duba, ya wuce rumfa ta gaba in bai gamsu ba. Wanda ciwon zuciya ya kayar kuwa yana kwance, 'yan'uwansa na tsaye a bakin ƙofa hankali tashe, ba su san sunan ragar ba balle farashinta a wani wuri, kuma ba su da lokacin tambaya. Likita ne ke zaɓe, asibiti ne ke saye daga dillali, iyali ne ke biya. Mafi kusancin misali a wurinmu shi ne na mai mota da makaniki, inda makanikin ke faɗin abin da ya lalace, ya sayo kayan gyara da kansa, ya ɗaura a inda mai motar ba zai gani ba. Masana tattalin arziki sun daɗe da yarda cewa a irin wannan ciniki gasar kasuwa ba ta iya sauko da farashi ita kaɗai, kuma ko waɗanda ba sa ƙaunar hukuma ta tsoma baki a harkar kasuwa sukan sassauta idan aka zo nan.

A Indiya wani lauya mai suna Birender Sangwan ne ya kai maganar gaban Babbar Kotun Delhi, bayan ya ga abin da aka caji wani makusancinsa. Matsin lambar kotu ya sa gwamnati ta shigar da ragar cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa a watan Yuli 2016, abin da ya ba hukumar kula da farashin magunguna ta ƙasar, NPPA, ikon yanke mata farashi. Da hukumar ta tattara takardun ciniki daga masu shigo da kaya da dillalai da asibitoci, sai ta gano cewa mafi yawan tsadar a kan hanya ake ɗora ta. Ribar da wasu dillalai ke ɗorawa ta kai kashi 196 cikin ɗari, ta wasu asibitoci kuma ta kai kashi 654 cikin ɗari. Ragar mai magani da ake cajin majiyyaci har kusan rufi 200,000 a wasu asibitoci, kaso kaɗan na wannan kuɗi ne ke isa hannun kamfanin da ya ƙera ta.

Ranar 13 ga Fabrairu, 2017, hukumar ta yanke cewa kada a sayar da raga marar magani fiye da rufi 7,260, mai magani kuma kada ta wuce rufi 29,600, wato kimanin dala 450 a canjin wancan lokaci, ban da haraji. Ragin ya kai kashi 85 cikin ɗari a kan wasu nau'o'in. Aka kuma umurci asibitoci da su riƙa rubuta farashin ragar daban a takardar kuɗin majiyyaci. Bayan shekara ɗaya aka sake sauko da farashin mai magani zuwa rufi 27,890.

Abu na farko da ya canza shi ne irin ragar da ake sanyawa. Tun kafin matakin ƙasa baki ɗaya, Jihar Maharashtra ta karya farashin raga mai magani a shirinta na inshorar marasa galihu a 2014, kuma binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa majiyyatan da aka sanya wa raga mai magani a wannan shiri sun ƙaru daga kimanin kashi 40 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 70. Wannan nasara ce da ba a musanta ta. Talakan da a da ake sanya masa marar magani saboda ita ce daidai aljihunsa ya samu irin wadda mai kuɗi ke samu, haɗarin komawarsa asibiti kuma ya ragu.

Amma idan aka dubi yawan mutanen da aka yi wa aikin, labarin ya sha bamban. Alƙaluman ƙungiyar likitocin zuciya ta Indiya sun nuna an yi aikin buɗe jijiya kimanin 373,000 a 2016, shekarar da ta gabaci ƙayyade farashi, sannan kimanin 387,000 a 2017. Ƙarin bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, a ƙasar da wannan aiki ya saba ƙaruwa kowace shekara tun kafin hukuma ta sa baki. Da a ce tsadar ragar ce kaɗai ke hana mutane zuwa, da an ga tururuwa bayan farashi ya faɗi warwas. Ba a gani ba, kuma dalilin yana cikin takardar kuɗin da ake miƙa wa majiyyaci.

Ragar layi ɗaya ce a cikin wannan takarda. Akwai kuɗin bututu, kuɗin balan-balan, kuɗin siririyar wayar da ke yi wa bututun jagora, kuɗin ruwan da ake ɗurawa domin jijiya ta fito a hoto, kuɗin ɗakin aiki, kuɗin likita, kuɗin gado. Hukuma ta rufe ƙofa ɗaya ta bar saura a buɗe. Makanikin da aka yanke wa farashin kayan gyara ya san inda zai mayar da ribarsa, wato kuɗin aiki. Koke-koke suka yi ta isa ga hukumar cewa asibitocin kuɗi da dama sun ɗaga farashin sauran kayan da na hidima, har jimillar abin da majiyyaci ke biya bai ragu yadda aka yi tsammani ba. A watan Fabrairu 2018 hukumar NPPA ta fitar da alƙaluman ribar da ake ɗorawa kan bututu da balan-balan da waya, ta kuma umurci asibitoci da su riƙa rubuta farashin kowanne daban. A nan ya kamata a yi wa asibitocin adalci kaɗan. Wani ɓangare na ribar da suke ci a kan raga shi ke biyan kuɗin injin, albashin ma'aikata da bashin banki, sai dai sun ɓoye waɗannan kuɗaɗe a cikin farashin ragar saboda ya fi sauƙi a ce wa iyali kayan waje ne masu tsada da a ce musu ga kuɗin aikinmu. Ƙayyade farashi bai kawar da waɗannan kuɗaɗe ba, ya dai tilasta musu fitowa da sunansu na gaskiya.

Kamfanonin ƙasashen waje ma ba su yi shiru ba. Da yake hukumar ta yi wa duk wata raga mai magani kuɗin goro, tsohuwa da sabuwa farashi ɗaya, a watan Afrilu 2017 kamfanin Abbott da na Medtronic suka nemi izinin janye sababbin nau'o'insu daga kasuwar Indiya. Hukuma ta ƙi amincewa a lokacin, ta yi amfani da ikonta na doka ta tilasta a ci gaba da kawo kaya har tsawon wasu watanni. Da aka ƙara da ƙayyade farashin ƙarfen gwiwa a watan Agusta 2017, ƙungiyar masu ƙera kayan asibiti ta Amurka ta kai ƙara ga gwamnatinta, kuma wannan ƙara na cikin dalilan da suka sa Amurka ta janye wa Indiya rangwamen harajin shigar da kaya a watan Yuni 2019. Masu saƙa da masu ƙera kayan injin da ba su taɓa ganin ragar jijiya ba sun biya wani kaso na kuɗin wannan rigima.

Waɗanda suka ci gajiyar lamarin su ne kamfanonin cikin gida irin su Sahajanand da Meril da Translumina, waɗanda rabonsu a kasuwa ya ƙaru. An daɗe ana yi wa kayansu kallon na baya, har sai da aka gwada ragar Supraflex ta kamfanin Sahajanand da ragar Xience ta Abbott a kan majiyyata 1,435 a asibitocin Turai, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2019, inda ya nuna ta Indiya ba ta gaza ba. Wannan shi ne ƙashin bayan ƙarfin halin gwamnatin Indiya. Ta iya ja da manyan kamfanoni ne saboda tana da kasuwar raga wajen rabin miliyan a shekara, wadda babu kamfanin da zai so ya rasa, tana kuma da masana'antun gida da za su cike gurbi idan baƙi suka yi fushi suka tafi.

Ƙasar Sin ta bi wata hanya dabam. Maimakon ta rubuta farashi a takarda, sai ta tattara buƙatar asibitocin gwamnati na ƙasar baki ɗaya, raga sama da miliyan ɗaya a shekara, ta kira kamfanoni su yi takara a birnin Tianjin a watan Nuwamba 2020. Wanda ya yi nasara yana da tabbacin yawan kayan da za a saya, da tabbacin za a biya shi, ba ya kuma buƙatar dillalai da masu zagayawa ofisoshin likitoci. Matsakaicin farashi ya faɗo daga kimanin yuwan 13,000 zuwa kimanin yuwan 700, ragin da ya haura kashi 90 cikin ɗari, kuma har da Medtronic da Boston Scientific cikin waɗanda suka ci takarar. A can ma ruwa ya nemi wata magudana, domin an ga ƙaruwar amfani da balan-balan mai magani wanda farashinsa bai faɗi ba, har sai da larduna suka haɗu suka yi masa irin wannan takara. Bambancin da ke akwai shi ne a Sin mai sayarwa ne ya faɗi farashin da zai iya da bakinsa, a madadin ciniki mai yawa da aka yi masa alkawari.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika kawo shi a maganar farashi ba. Ga wanda jijiyarsa ta toshe farat ɗaya, ragar tana ceton rai, babu gardama. Amma ga wanda ke da tsukewar jijiya da ta daɗe ba tare da ta tsananta ba, manyan bincike guda biyu, wanda aka buga a 2007 da wanda aka buga a 2020, sun nuna cewa sanya raga bai rage mace-mace fiye da shan magani yadda ya kamata ba, ko da yake yana sauƙaƙa ciwon ƙirji. Idan asibiti na cin riba ninki shida a kan kowace raga, ba sai an zargi wani likita da rashin gaskiya ba kafin a gane cewa tsarin yana jan hannu zuwa ga sanyawa. Yanke wannan riba na iya rage aikin da bai zama dole ba, don haka rashin ƙaruwar yawan aiki bayan ƙayyade farashi ba duka ba ne asara.

To, ina Minna ta tsaya a cikin wannan lissafi? Ciwon ba baƙo ba ne a nan. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba, kuma hawan jini da ciwon sukari da shan taba su ne ke share wa toshewar jijiya hanya. Duk wanda ya zauna a kasuwa ya san labarin alhaji wane da ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa. Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, su ne wuraren da ake fara garzayawa da irin waɗannan majiyyata. Amma ɗakunan da ake aikin buɗe jijiya a Nijeriya 'yan ƙalilan ne, akasarinsu a Legas da Abuja, kuma mafi yawa a asibitocin kuɗi. Daga Minna zuwa Abuja kimanin kilomita 150 ne ta hanyar Suleja, hanyar da aka shafe shekaru ana aikin mayar da ita tagwaye. Ƙa'idar likitocin zuciya ita ce idan ba za a iya buɗe jijiya cikin minti 120 ba, gara a fara ba majiyyaci allurar narkar da gudan jini a inda yake. Ga mutumin Bosso ko Chanchaga, balle na Kontagora, wannan wa'adi kan ƙare a kan titi. Ko da an mayar da ragar kyauta, nisan bai ragu ba.

Sai kuma maganar kuɗi. Sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa, duk da cewa dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. Mu ɗauki farashin Indiya na dala 450. A canjin kimanin naira 1,500 da aka yi ta gani a 2025, ya kama naira 675,000. Mafi ƙarancin albashin da Gwamna Mohammed Umaru Bago ya amince da shi a 2024 naira 80,000 ne, don haka raga ɗaya a farashin da Indiya ta kira mai rahusa ta cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na sama da wata takwas, tun ba a zo kan kuɗin aiki da gado da mota da magungunan hana daskarewar jini da za a sha na tsawon wata shida zuwa shekara ba. A farashin Sin kuwa, wanda ya ɗan haura dala 100, albashin wata biyu ne.

Da a ce Nijeriya ta kwaikwayi Indiya ta rubuta farashi da naira, me zai faru? Babu inda ake ƙera wannan raga a ƙasar nan, kowacce da dala ake shigo da ita. A farkon watan Yuni 2023 dala tana kimanin naira 460 a kasuwar hukuma, saboda haka dala 450 za ta kama naira 207,000. Bayan an saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu 2024. A wannan canji naira 207,000 dala 138 ce kawai. Babu mai shigo da kayan da zai sayo a dala 450 ya sayar a dala 138, kuma babu babban kamfanin da zai ji zafin rasa kasuwar da ba ta kai cikin cokalin ta Indiya ba. Kayan za su ɓace daga kanta, su bayyana a bayan fage da farashi ninki, ba tare da an san ko hukumar NAFDAC ta taɓa ganin takardunsu ba. A haja irin wannan, wadda ke da wa'adin lalacewa kuma ba a iya ciro ta bayan an sanya, kasuwar bayan fage ta fi tsada haɗari.

Dattawan kasuwa ba sa buƙatar a karanta musu wannan daga littafi. Sun ga hukumar ƙayyade farashi ta shekarun 1970, sun ga layukan sayen madara da sabulu da shinkafa na 1984, lokacin da sojoji ke fasa rumbuna suna sayar da kaya a farashin gwamnati, kayan kuma suka ƙara ɓacewa. Wanda ya rushe wannan tsari da shirin SAP a 1986, Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna ne, kuma asibitin ƙwararru na garin sunansa yake ɗauke da shi. Sakin farashi ya dawo da kaya kan kanta, ya kuma sa da yawa sun fi ƙarfin talaka. Garin ya ɗanɗani bangarorin biyu.

A ganin wannan marubuci, abin da ya fi cancanta a ɗauko daga Indiya shi ne matakin da ita kanta ta koma gare shi daga baya. A 2021, lokacin annobar korona, hukumar NPPA ta bar rubuta farashi ga injin tace iskar shaƙa da na'urorin awon jini da sukari da zafin jiki, ta ƙayyade ribar da za a iya ɗorawa, kada ta wuce kashi 70 cikin ɗari a kan farashin da aka ba dillali. Irin wannan iyaka tana tafiya tare da canji. Idan dala ta tashi farashi ya tashi, idan ta sauka ya sauka, mai shigo da kaya bai yi asara ba, amma an toshe ribar ninki shida. Sharaɗinta shi ne hukuma ta san ainihin kuɗin da kaya suka iso da shi, wanda ke buƙatar kwastan da NAFDAC su haɗa takardunsu, domin duk wanda ya taɓa fito da kaya daga Apapa ya san takardar farashi ma ana iya gyara ta tun daga can. Wajabta wa asibitoci rubuta kuɗin kowane kaya daban, tare da sunan kamfani da lambar kayan, ba ya cin ko kwabo a kasafin kuɗi.

Matakan da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka zuwa yanzu sun fi karkata ga rage kuɗin da ake kashewa. A watan Yuni 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umurnin da ya ɗauke harajin shigo da kaya da harajin VAT na tsawon shekara biyu a kan injuna da kayan haɗi na masu sarrafa magunguna da kayan asibiti. Amfaninsa ya fi zuwa ga masu ƙera sirinji da gidan sauro da kayan gwaji a cikin gida, ba ga ragar da ake shigo da ita a kammale ba. A watan Mayu 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kafa Medipool, wata kafa ta sayen magunguna da kayan lafiya a dunƙule, wadda ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya gabatar. Wannan ya fi kusa da hanyar Sin, ko da yake ƙarfin hanyar Sin ba a takarar kaɗai yake ba, yana ga tabbacin biya a kan lokaci. 'Yan kwangilar da suka taɓa bin gwamnati bashi shekara da shekaru sun saba sanya kuɗin jira a cikin farashi, kuma ba za su cire shi ba sai sun ga canji da idonsu.

A matakin jiha, gwamnatin Neja ta sanar da shirin mayar da tsohon Otal ɗin Shiroro da ke Minna asibitin koyarwa na Jami'ar IBB ta Lapai. Idan aka zo ga shawarar kafa ɗakin aikin jijiyoyin zuciya a irin wannan asibiti, lissafin da zai yanke hukunci shi ne na yawan majiyyata. Injin kaɗai yana cin daga dubban ɗaruruwan daloli zuwa sama da miliyan ɗaya, yana buƙatar yarjejeniyar gyara da dala, da ƙwararren likita da ma'aikatan jinya a lokacin da ƙasashen waje ke kwashe su, da wutar da ba ta ƙiftawa. (Jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru har yanzu asibitocinta ba su rabu da sayen gas na janareta ba.) A matsayin misali kawai, idan tsayayyen kuɗin tafiyar da ɗakin ya kai naira miliyan 300 a shekara, majiyyata 100 za su ɗauki naira miliyan 3 kowannensu kafin a taɓa raga, majiyyata 600 kuwa naira 500,000. Wannan tazara ta fi duk abin da ƙayyade farashin raga zai iya ragewa.

Yawan majiyyatan kuma ba ya zuwa da kansa. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta gwada tsarin da ƙananan asibitoci ke ɗaukar awon bugun zuciya su tura wa ƙwararru a babbar cibiya ta waya, su ba da allurar narkar da gudan jini nan take, sannan motar asibiti ta kai majiyyacin inda za a sanya masa raga cikin sa'a 24. Kayan da wannan ke buƙata a Suleja da Kontagora da Bida da Kagara na'urar awo ce, da allurar da ke cikin firij, da mota mai mai, da kuma hukumar inshorar jiha, NiCare, ko ta tarayya da ta amince ta biya kuɗin aikin baki ɗaya a farashi guda da aka yi yarjejeniya a kansa. Idan mai biya ya ce ga abin da zai bayar kan dukkan aikin, daga bututu har gado, asibitin da kansa ne zai zauna da dillali ya yi cinikin ragar, kuma a wannan karon wanda ke ciniki ya san kayan, ya san farashinsu a Mumbai da Dubai, yana kuma da lokacin da zai ce albarka.